Kansar hanta: maganin nano na farautar saiwar cutar, amma har yanzu bai fito daga ɗakin bincike ba

Saƙon yakan shigo ne da dare, ta WhatsApp, cikin muryar ƙanwa ko matar wa. Yaya ba ya jin daɗi. Ya rame, cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa. An sha jiƙe-jiƙen shawara har wata biyu babu sauƙi, an kai shi likita, an yi eko, an ce akwai ƙari a hanta. Ɗan gidan da ke Abijan, Tamanraset, Tirabulus ko Faris ya san abin da zai biyo baya: a turo kuɗi. Kafin gari ya waye kuma wani ya tura masa bidiyo mai tallar sabon magani na “nano” da aka ce yana kashe kansa tun daga tushe.

Maganar tana da asali a kimiyya. Masana a Amurka, China, Japan, Singafo da Turai sun shafe fiye da shekara goma suna gwada ƴan mitsi-mitsin ƙullin magani da ido ba ya gani, domin su kai wa wasu ƙwayoyin halitta na musamman da ake zargin su ne saiwar kansar hanta. Sai dai har yau babu ko ɗaya daga cikin irin wannan magani da wata hukumar magunguna ta amince a ba wa mutane don wannan aiki. Tsakanin abin da ake gani a jikin ɓeraye da abin da zai iso gadon marar lafiya a Maraɗi akwai tafiya mai nisa, kuma ya kamata mai tura kuɗi ya san tsawonta.

Cutar da ke ɗaukar magidanta

Alƙaluman CIRC, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa, sun nuna cewa a shekarar 2022 mutum kimanin dubu 866 ne suka kamu da kansar hanta a duniya, kimanin dubu 758 kuma suka mutu. Ita ce ta uku wajen kisa a jerin cututtukan daji, bayan ta huhu da ta hanji.

A Turai cutar ta fi kama tsofaffi. A Afirka ta Yamma kuwa tana kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya duba marasa lafiya sama da 2,500 a ƙasashen Afirka tara, ciki har da Najeriya, Gana, Kamaru, Kodebuwa da Sudan, ya gano cewa in aka cire Masar, rabin waɗanda aka samu da cutar ba su wuce shekara 46 ba. Rabinsu sun rasu cikin wata biyu da rabi bayan an gano ta, kuma uku kacal cikin ɗari ne suka samu maganin da ya shafi kansar kanta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: hanta ba ta saurin kuka. Sai ƙarin ya girma sannan ciwo ke bayyana.

Ko a inda kayan aiki suka wadata, cutar tana da taurin kai. Idan aka yi tiyata aka yanke ƙarin, yakan sake tsirowa a jikin kusan mutum bakwai cikin goma kafin shekara biyar. Maganin Sorafenib, wanda Amurka ta amince da shi a 2007, ya ɗaga tsaka-tsakin kwanan masu cutar da ta yi nisa daga kusan wata 8 zuwa kusan wata 11. Haɗin magunguna biyu na 2020, Atezolizumab da Bevacizumab, ya kai shi wajen wata 19. Ci gaba ne, amma ba warkewa ba ce. Tambayar da ta dami masana ita ce: me ke sa cutar dawowa?

Saiwar da ke cikin ƙari

Duk wanda ya taɓa yin sassabe ya san halin sabara. Ka sare ta har ƙasa, gona ta yi fes, da ruwan farko ya sauka sai ta toho daga kututture. Masana da dama na ganin haka kansa take.

A 1994, John Dick da abokan aikinsa a Toronto ta Kanada sun ɗebi ƙwayoyin kansar jini daga jikin mutane suka dasa wa ɓeraye. Sai suka ga ba kowace ƙwaya ke iya tayar da cutar ba, ƴan kaɗan ne ƙwarai. A 2003 aka samu irinsu a kansar mama a jami'ar Mishigan. A 2007 Stephanie Ma da tawagarta a jami'ar Hong Kong suka nuna su a kansar hanta, ta hanyar wata alama da ke bayansu mai suna CD133. Daga baya aka gano wasu alamomin: CD90 a 2008, EpCAM a 2009, sai CD13 da masana a Osaka ta Japan suka bayyana a 2010. Waɗannan ƙwayoyi ake kira ƙwayoyin tushe na kansa.

Abu uku ne ke sa su gagara. Na farko, suna iya sabunta kansu, su kuma haifi sauran ƙwayoyin da ke cika ƙarin. Na biyu, da yawansu kwance suke kamar masu barci, alhali maganin kansa na ruwa, wato shimiyo, ya fi kashe ƙwayoyin da ke saurin rabuwa. Na uku, a jikin fatarsu akwai wasu ƴan famfuna da ke tofar da magani waje da zarar ya shiga. Shi ya sa ƙari zai iya motsewa a hoton eko, kowa ya yi hamdala, alhali saiwar na nan da ranta.

Mene ne nano?

Nanomita ma'auni ne. Raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai nanomita kusan dubu 80. Ƙullin maganin da ake magana a kai yawanci bai wuce nanomita 100 ba, wato sai an jera kusan 800 kafin su kai faɗin gashi guda. Ƙwayar cutar hepatit B ma, wadda ke lalata hantar miliyoyin mutane, nanomita 42 ce.

Ƙullin nano ba na'ura ba ce, ba kuma shi ne maganin ba. Mazubi ne. Ana yin sa da kitse, ko da wata irin roba mai narkewa a jiki, ko da zinariya, ko da garin lu'ulu'u, a zuba magani a ciki ko a manna shi a baya, kamar yadda mai magani ke ƙulle gari a ƙyalle don kada ya zube a hanya. Amfaninsa shi ne ya kare maganin har ya isa inda ake so, ya kuma rage ɓarnar da zai yi wa zuciya, gashi da ɓargo.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1986 wasu masana biyu na Japan, Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda, sun lura cewa jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari suna yoyo, don haka ƙananan abubuwa na iya tsiyaya su taru a wurin. A 1995 Amurka ta amince da Doxil, maganin kansa na farko da aka naɗe cikin ƙullin kitse. A 2018 aka amince da Onpattro, wanda ke kai saƙo cikin ƙwayoyin hanta ya hana su sarrafa wani sinadari mai jawo wata cutar gado. Duk wanda aka yi wa allurar korona ta Pfizer ko Moderna, irin wannan ƙullin kitse ne ya ɗauko saƙon rigakafin zuwa jikinsa.

Wani abin da ke ƙarfafa gwiwar masu binciken hanta shi ne, duk ƙullin da aka saka a jini, hanta ce ke tare mafi yawansa, domin ita ce matatar jiki. Abin da ke zama cikas ga masu neman kai magani ƙwaƙwalwa ko huhu, a nan yana iya zama riba.

Yadda ake auna saiwar

Hanya ta farko ita ce rubuta adireshi a bayan ƙullin. Ana manna masa wani abu da ke kama alamar CD133, EpCAM ko CD44, ta yadda zai liƙe wa ƙwayar tushe, ita kuma ta haɗiye shi. Ɗaya daga cikin magungunan da aka fi zubawa a ciki yana da tarihi mai ban mamaki. A 2009 masana a Amurka sun tace sinadarai kusan dubu 16 suna neman wanda zai kashe ƙwayoyin tushe na kansar mama. Wanda ya yi zarra shi ne salinomisin, maganin da ake zubawa a abincin kajin gona don kare su daga cutar hanji. Matsalarsa guba ce: yana taɓa jijiyoyi da tsoka, kuma kaɗan daga cikinsa na iya kashe doki. Shi ya sa masu bincike a China suka gwada naɗe shi cikin ƙullin nano mai adireshin CD133, don ya wuce lafiyayyun sassa ya sauka a kan kansar hanta.

Hanya ta biyu ita ce zagaye famfunan da ke tofar da magani. A 2014 tawagar Edward Chow a jami'ar ƙasa ta Singafo ta manna maganin epirubisin a jikin ɓurɓushin lu'ulu'u mai girman nanomita biyar ko kusa da haka. Da yake ƙwayar tana haɗiye ƙullin ne gaba ɗaya, famfunan ba sa samun damar fitar da maganin da wuri. A jikin ɓeraye haɗin ya kashe ƙwayoyin tushen da suka gagari maganin zalla, ya kuma rage sake tsirowar ƙari.

Hanya ta uku ita ce kashe umarnin da ke sa ƙwayar ta ci gaba da zama saiwa. Cikin kowace ƙwaya akwai layukan sadarwa da ke ce mata ta sabunta kanta. Masana na kiran wasunsu Wnt, Notch da Hedgehog. Ana iya ɗora wa ƙullin kitse wani guntun saƙo da zai toshe layin, kamar yadda Onpattro ke yi a tasa cutar.

Dukkan waɗannan sun ba da sakamako mai daɗi a kwanon gwaji da jikin ɓeraye. A nan ne kuma yawancin bidiyoyin da ke yawo suke tsayawa.

Daga ɓera zuwa ɗan Adam

A 2016 tawagar Warren Chan a jami'ar Toronto ta tattara sakamakon gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan dabbobi. Ta gano cewa a tsaka-tsaki, kashi bakwai cikin dubu ne kawai na ƙullin da aka yi allurarsa ke isa cikin ƙarin. Saura ya tsaya a wani wuri.

A hanta ma, isa hanta daban, isa kansar daban. Akwai wasu ƙwayoyi masu gadi a cikinta, ana ce musu Kupffer, aikinsu haɗiye duk baƙon abu, kuma su ne ke cinye kaso mai yawa. Sannan galibin kansar hanta na tsirowa ne a hantar da ta riga ta yi tabo ta ƙandare, abin da likitoci ke kira siroz. A irin wannan hanta ƴan ƙofofin jijiyoyin jini da ƙullin zai bi sun toshe, kuma hantar da ta gaji ba ta jure guba kamar ta ɓera mai ƙoshin lafiya.

Adireshin ma ba shi da tabbas. Alamomin CD133 da EpCAM suna nan a bayan wasu lafiyayyun ƙwayoyin da jiki ke gyara kansa da su. Ba kuma alama ɗaya ce ke jikin saiwar kowane marar lafiya ba. Abin da ya fi tayar da hankali, bincike ya nuna cewa ƙwayar kansa ta gama-gari na iya rikiɗa ta koma ta tushe idan an matsa mata. Ke nan ko an tuge saiwa, reshe na iya yin sabuwa.

Magungunan nano da suka kai ga gwaji a jikin masu kansar hanta sun sha faɗuwa. ThermoDox, ƙullin kitse da ke fashewa ya saki magani idan an ɗumama ƙarin, ya gaza a babban gwajin mutum 701 da aka sanar da sakamakonsa a 2013, aka kuma dakatar da gwaji na biyu daga baya. Livatag, na wani kamfanin Faransa, an gwada shi a kan mutum kusan 400, a 2017 aka bayyana cewa bai fi magungunan da ake da su ba. MRX34 kuwa an tsayar da gwajinsa a 2016 bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta yi mummunan bore, mutum huɗu suka rasu.

Wannan ba ya nufin hanyar ta mutu. Doxil da Onpattro sun tabbatar da cewa ana iya isa. Amma sabon magani yakan ɗauki shekara goma ko fiye daga ɗakin bincike zuwa farmasi, mafi yawa kuma ba sa kaiwa. Wanda ya kai ma, sai a koma maganar farashi.

Masu cin kasuwa da kalmar

Inda aka samu tsoro da bege wuri guda, ƴan kasuwa ba sa nisa. A Facebook, TikTok da zaurukan WhatsApp ana tallar gari, shayi da ruwan kwalba masu ɗauke da kalmar “nano” ko “sitem sel”, ana cewa suna wanke hanta, suna narkar da ƙari. Akwai sauƙin gane su. Magungunan nano na kansa da hukumomi suka amince da su, yawanci ta jijiya ake saka su a asibiti, likita na tsaye. Ba a aiko su cikin leda ta tashar mota. Abin da aka ce yana maganin kansa, suga, hawan jini da rashin haihuwa a lokaci guda, aljihun mai saye yake yi wa aiki. Ga mai ciwon hanta haɗarin ya ninka, domin duk abin da ya sha, hantar da ta raunana ce za ta tace shi. Haka nan kada jin sunan salinomisin ya sa wani ya nufi shagon maganin dabbobi: guba ce ga mutum.

Abin da ke hannu tun yanzu

A yankinmu manyan musabbaban kansar hanta sanannu ne, kuma dukansu ana iya tare su.

Na farko hepatit B. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a duniya, kimanin miliyan 65 a yankin Afirka, akasarinsu ba su sani ba. Jaririn da ya ɗauka daga uwa lokacin haihuwa, sau tara cikin goma cutar na zama a jikinsa har girma, tana cin hanta a ɓoye shekara talatin ko arba'in. Tana kuma yaɗuwa ta aska, reza, allura da ƙahon da ba a tsabtace ba, da kuma saduwa. Ba ta yaɗuwa ta cin tuwo a kwano ɗaya ko gaisawa, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita.

Allurar rigakafinta ta daɗe da nuna aikinta. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, zuwa 1997 bincike ya nuna kansar hanta a tsakanin yaran ƙasar ta ragu da kusan rabi. Gambiya ta bi sahu da wani babban shiri a 1986. A Nijar rigakafin yana cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a sati na 6, na 10 da na 14. Amma don tare cutar daga uwa, hukumar ta ce a yi allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, kuma jarirai 18 cikin ɗari ne kawai ke samun ta a yankin Afirka. Tun kafin a shiga cinikin ragon suna ya kamata a tambayi ungozoma wannan allura, musamman idan gwaji ya nuna uwar na da cutar.

Babba kuma gwajin jini ne zai nuna matsayinsa. Wanda ba shi da ita sai ya yi rigakafi. Wanda ke da ita, likita zai duba ko yana buƙatar Tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana, wadda ba ta kawar da cutar gaba ɗaya amma tana danne ta, tana rage haɗarin siroz da kansa. Ga wanda hantarsa ta yi tabo ko yake cikin haɗari, ana so ya yi eko kowane wata shida. Ƙarin da aka kama yana ƙarami ana iya yanke shi ko a ƙone shi, kuma a wannan mataki ne ake maganar warkewa. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin kansa da haske a 2021 da taimakon hukumar AIEA, amma a kansar hanta babu na'urar da ta kai zuwa da wuri.

Na biyu aflatoksin, gubar da wata fumfuna ke saki a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. An gano ta ne bayan talotalo kimanin dubu 100 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Zafin girki ba ya kashe ta, don haka tana iya bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli da tigadege. Idan ta haɗu da hepatit B a jiki ɗaya, haɗarin kansa na ninkuwa sau da yawa. Wannan magana ce da ta shafi ƙasar gyaɗa irin Maraɗi da Damagaram kai tsaye. Wani gwaji da aka yi a ƙauyukan Kindiya na Gini, aka wallafa a 2005, ya nuna cewa tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa da hannu, shanya ta a kan tabarma har ta bushe ƙayau, zuba ta a buhun algarara da ɗora buhunan a kan katako sun rage gubar a jinin mutanen da fiye da rabi. Ana iya ƙara hepatit C, wadda yanzu ake warkar da ita da ƙwayoyi cikin kusan wata uku, da kuma giya, a jerin abubuwan da ke kai hanta ga kansa.

Ga wanda saƙon dare ya riga ya iso masa, kuɗin da zai tura su tafi ga likita, ga maganin rage raɗaɗi, ga abincin iyali. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba a irin wannan lokaci: in hepatit B ce ta kai Yaya ga wannan hali, daga ina ya samo ta? Sau da yawa amsar ita ce tun yana jariri. Ke nan waɗanda suka fito ciki ɗaya da shi, da matarsa, da ƴaƴansa, da shi kansa mai tura kuɗin, kowa na buƙatar gwaji. Masu farautar saiwar kansa a Hong Kong da Singafo na iya cin nasara nan da wasu shekaru. Gwajin jini kuwa ana iya yin sa gobe da safe.